Daminar da Muka Cike Filin Kwari

Shekaranjiya da hantsi tifa ta juye jar ƙasa a ƙofar maƙwabcinmu, zai yi ciko a tsakar gidansa. Ba a kai la'asar ba hadari ya haɗo daga gabas, aka saki ruwan farko na bana. Ina zaune a baranda ina tsintar wake, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya shigo mini. Mutane suna son ƙamshin nan, har da masu cewa kwaɗayi yake sa su. Ni kuwa ko kaɗan ba na son jin sa. Na ture farantin na shige ɗaki. 'Yata Ummi, da ta kawo mini ziyara, ta biyo ni tana tambaya ko lafiya, na ce mata lafiya lau. Ta ina zan fara mata, ita da take goye a bayana lokacin da aka yi abin?

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, miƙawar nan ta ƙarshe. Muna zaune a wani lungu kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, a gidan ƙasa na gado mai ɗakuna uku: ni da maigidana, da nake ce wa Malam, da Ummi, sai mahaifiyarsa da muke kira Inna. Baban Ummi baduku ne, yana ɗinkin takalma da jakunkuna a zaure. Amma in ka shigo unguwar ka ce ina gidan baduku, sai a tsaya ana kallonka. Ka ce gidan Koci, ko makaho ya kai ka. Ya buga ƙwallo da ƙuruciyarsa har gwiwarsa ta hagu ta goce, daga nan ya koma koya wa samari. Ba wanda ya ɗauke shi aikin, ba wanda ya taɓa ce masa an gode da wani abin kirki. Ƙwallo ta fashe shi zai ɗinke, ƙafar wani ta gurɗe shi zai ja.

Bayan katangar gidanmu akwai fili na hukuma da ake ce wa Filin Kwari. Kwarin ne kuwa na gaske. Da rani a buga ƙwallo, da damina rabinsa ya zama tafki, kwaɗi su cika mana kunne, a ja raga gefe a lallaɓa a ɗan tudun da ya rage. Samari har daga Zaitawa nan suke zuwa, don a lungunan cikin birni ba inda mutum zai yi gudu bai yi karo da bango ba. Ni ban taɓa ganin filin sosai ba, katanga ta raba mu. Amma madafina a jikin katangar yake, saboda haka da ƙarar usur da ihun cin ƙwallo nake gane lokacin ɗora tukunya ya yi.

Bazarar shekarar ta yi zafi har randa ta daina sanyaya ruwa. Famfo ya kafe, ɗan garuwa sai ka sha kira kafin ya waiwayo. Kananzir ya ɓace a gari, risho ya zama kayan ado a ƙarƙashin gado, kowa ya koma itace. A cikin wannan zafin ne sabon kansilanmu ya zo filin da lasifika. Ina tankaɗe na ji komai ta bayan katanga. Ya ce mulki ya dawo hannun jama'a, gwamnati za ta gyara filayen wasa na unguwanni: a kewaye da bulo, a kafa raga ta ƙarfe, a sa bencina, a ja famfo. Sai dai masu dubawa za su zo daga ofis idan damina ta yi nisa, kuma duk filin da suka tarar ruwa yana kwanciya a kai ba za a sa shi a takarda ba, wai kada a zuba kayan gwamnati a tafki. Ya ce kada a damu, shi zai turo tifofin ƙasa.

Malam ya shigo yana ɗingishi da sauri, bakin nan har kunne.

"Binta, kin ji ko? Kin ji da kunnenki?"

"Na ji, Malam. Na ji za a ja wa ƙwallo famfo. Mu mutane sai mu riƙa zuwa wajenta roƙon ruwa."

Ya yi dariya ya ce ni dai ba na rabo da baƙar magana. Sannan ya zauna a kan turmi ya gaya mini abin da yake cin sa. Filin da ya koyi ƙwallo a kai yana yaro, an wayi gari ne kawai an yanka shi an raba wa masu hali. Kullum tsoronsa kada a yi wa Filin Kwari haka. In aka kewaye shi, aka kafa allon gwamnati, ya tsira ke nan har abada. Ya ce, "Wannan damar in ta wuce ba za ta dawo ba." Inna tana bakin ƙofarta tana kaɗi. Ba ta faɗar sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce da ni, "'Yar nan, ki ce da wancan ya ci abinci tukuna kafin ya ceci duniya."

Tifa ta zo sau ɗaya. Ta juye, kansila ya hau kan tulin ƙasar da shebur a hannu aka ɗauke shi hoto, ta tafi. Har yau ina jiran ta biyu. Malam ya yi ta sintiri gidan kansila, yau a ce ya tafi taro, gobe a ce yana hutawa. Da ya ga hadari ya fara leƙowa, sai ya tara samarinsa ya ce su za su cike kwarin da hannunsu.

Haka aka kira gayya. Ana idar da sallar asuba za ka ji ƙarar baro da kwanduna a lungu. Duk kangon da ya rushe a unguwar sai da suka kwashe buraguzansa. Wasu suka ce a je a rarako ganuwa, ga ta nan kusa, Malam ya ce wanda ya taɓa ganuwa kada ya sake taka masa fili. Mu mata aka ce kowane gida ya riƙa ware toka da shara. Girkin 'yan gayya kuwa karɓa-karɓa muka yi, yau wannan gida ya dama koko, gobe wancan ya yi ɗanwake. Abin da ya fi ba ni dariya, samarin nan sun iya zuba ƙasa amma ba su iya daɓe ba. Sai da Inna ta fito da tsohon madaɓinta, ta tattaro tsofaffi 'yan uwanta, suka fita suka nuna musu yadda ake yayyafa ruwa a daka, a bari ya sha iska, a sake dakawa. Ta dawo kafaɗa a sage tana cewa ƙattin banza, sai gudu a bayan fata. Amma washegari ita ce ta riga kowa fita.

To, ga inda ni tawa ta shigo. Gidan ƙasa ba ya shiga damina sai an yi masa yaɓe. Duk shekara da bazara masu jakuna suke kawo ƙasa a mangala, a zuba a kusurwar tsakar gida, a kwaɓa ta da ciyawa da kashin jaki, a tattake, a rufe ta ta yi kwanaki tana ruɓa. Sai ta yi danƙo sannan magini ya zo ya hau, ana miƙa masa curi yana shafe katanga. A shekarar an kawo ƙasar, an kwaɓa, ta ruɓa har ta yi yadda ake so. Saura hannu kawai. Amma duk hannun da zai miƙa curi yana Filin Kwari. Na yi magana sau ɗaya, na yi sau biyu, Malam ya ce, "Bari mu rufe bakin ragar nan, jibi-jibin nan za a yi."

Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Cikon da suka yi a gaban ragar da ke ɓangarenmu ya lotsa, don shara da toka ba sa riƙe ruwa. Ranar wata Talata ina wanke-wanke na ga samari sun shigo da sallama, kowa da kwando, Malam a gaba yana kallon ƙasa. Suka nufi kusurwar.

"Malam, me za a yi da ƙasar yaɓena?"

"Aro za mu yi, Binta. Ita ce mai danƙo, ita kaɗai za ta riƙe wurin. Da tifar kansila ta zo zan mayar miki ninki biyu."

"Wace tifar? Ta hoto?"

Samarin suka sunkuyar da kai. Na san bai kamata in yi masa haka a gabansu ba, amma raina ya riga ya ɓaci. Ya ce da su su ɗiba. Na tsaya da kumfa a hannu ina kallo har suka kankare wurin tas.

Bayan kwana biyu Baba Ilu magini ya zo, shi ne yake mana yaɓe tun zamanin mahaifin Malam. Ya ga kusurwa wayam. Ya zagaya bayan gida, ya ƙwanƙwasa gindin katangar da sandarsa, ya daɗe yana kallon filin. Da ya dawo zaure ina jin su ta tsakar gida.

"Koci, aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ruwan da kuka kora daga kwari, ina kuka ce masa ya je?"

"Zai bi ta kwata, Baba."

"Wace kwatar? Shekara nawa yana kwana a nan? Kun ɗaga masa shimfiɗa, yanzu gindin katangarka ya fi ko'ina ƙasa."

Malam ya ce in Allah ya so za a ja masa hanya da zarar masu dubawa sun zo sun tafi. Baba Ilu ya ce Allah ya sa, ya ɗauki sandarsa.

Marka ta kama. Wanda bai zauna a gidan ƙasa da marka ba, ba zai gane ba. Gari ya yi kwanaki ba rana. Indararo yana zuba ba hutawa, soro yana yoyo, duk wani daro da kwano da tasa an jera su a ɗaki suna tarar ɗigo. Tabarma ta yi sanyi, zannuwan goyo ba sa bushewa, komai warin gumi da funfuna. Itace jiƙaƙƙe, sai in yi ta hura wuta har idona ya yi ja, hayaƙi ya cika madafi, Ummi tana tari a bayana. Hatsi ya yi wuya a kasuwa kamar yadda yake yi kafin sabo ya shigo. Abin da ya rage mana rabin buhun gero ne, na ɗora shi a kan duwatsu a madafi don ya riƙa samun ɗumin wuta. Shi kuwa Malam ko ana tsuga ruwa sai ya yafa buhu a ka ya fita ya ga ko wani wuri ya lotsa. Ya dawo jagab yana murna, wai ko cokali ɗaya bai kwanta ba. Ni ina kallon katangata tana yin baƙi daga ƙasa, layin damshin kullum yana ƙara hawa.

A rana ta uku ta wani ruwa da bai ɗauke ba, da la'asar, ina tuƙa tuwo Inna ta ƙwala mini kira in zo in canza daron da ya cika a ɗakinta. Na ajiye muciya na fito. Ban yi taku biyar ba na ji wani sauti a bayana, ba mai ƙara ba, kamar an sauke buhuna daga mota. Na waiwaya. Babu madafi, babu katanga. Sai fili. Shekara shida ina gidan, ran nan na fara ganinsa gaba ɗaya: shimfiɗe, ja, sumul, ba ɗigon ruwa a kai. Ruwan duk yana tsakar gidana har idon sawu.

Ban yi ihu ba. Hannuna kawai na kai baya na taɓa kan Ummi, na ji shi da ɗumi. Inna ta fito tana salati. Malam ya taho a guje daga zaure, gwiwar ma ya manta da ita. Ya dube ni, ya dubi Ummi, ya dubi Inna, ya dubi inda murhu yake, sai ya durƙushe a cikin taɓo.

Na ce, "Ga filinka nan ya shigo har gida, Malam. Ka huta da zagayawa."

Inna ta ce, "Ya isa, 'yar nan. Ya isa."

Da aka tono buhun geron ya sha ruwa ya haɗu da laka. Muka wanke, muka baza a tabarma a ɗakin Inna, ba ranar da za ta busar da shi. Wani ya tsira, wani ya yi funfuna. Haka muka riƙa surfa shi muna ci, tuwon yana ɗaci, kokon yana tsami tun kafin ya kwana. Na koma girki a kan duwatsu uku a bakin zaure. Fatun Malam duk sun yi fari da damshi, aiki ya tsaya. Nonona ya ragu, Ummi ta koma tsotsa tana saki tana kuka, wannan kukan har yau ina jin sa. Maƙwabta suna aiko mana da kwano a rufe, ina karɓa ina godiya kunya tana kashe ni, don na san gidaje biyu a jerinmu su ma katangunsu sun tsage saboda ruwan nan, kuma sun san dalili.

Malam ya samo zana ya kafa a inda katangar take. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Binta. In aka zo kewaye filin, katangar gwamnati ce za ta zama bayan gidanmu. Bulo da siminti. Ke da yaɓe har abada." Na harare shi. Amma ba zan yi ƙarya ba, na sa rai. Tunda an riga an yi asarar, ni ma na koma addu'ar Allah ya kawo masu dubawar nan.

Sun zo da ruwa ya fara ja baya. Mutum uku a mota, ɗaya da fayil. Ta ramukan zana na kalli komai. Samari sun wanke rigunansu sun yi layi. An ja layukan fili da toka, har da ta murhuna. Malam ya sa kaftaninsa na Juma'a. Babban masu dubawar bai kalli samarin ba. Ya yi ta zagaya yana buga dunduniyar takalminsa a ƙasa.

"Malam, an ce mana nan tafki ne."

"Da ne, ranka ya daɗe. Mun cike shi."

"Duk markar nan ruwa bai kwanta ba?"

"Ko ɗigo, yallaɓai. A tambayi kowa."

"Ƙasan fa? Ba za ta lotsa ba in an ɗora mata nauyi?"

Wayyo Malam! Ya ɗauka nauyin bencina ake nufi. Ya shiga ba su labari dalla-dalla, buraguzai a ƙasa, jar ƙasa a sama, daɓe sau uku. Har tsalle ya yi da gurguwar gwiwarsa don su ga ƙarfin wurin. Mai fayil ya yi ta rubutu. Babban ya ce, "Madalla, kun yi ƙoƙari," suka shiga mota.

Bayan 'yan makonni, ana cikin zafin kaka, wasu mutum biyu suka zo da tef ɗin awo da damin turaku da gwangwanin jan fenti. Malam ya watsar da ɗinki ya fita, ya ce in dama musu kunu. Shi ya riƙe musu bakin tef. Su ce ja nan, ya ja, su ce matsa can, ya ɗingisa ya matsa. Tun hantsi har azahar yana cikin rana yana washe baki. Suka kafa turaku a gefe, ya ɗauka ai na katanga ne. Sai suka fara kafawa a tsakiya, layi biyu, suka ratsa da'irar da ake ɗora ƙwallo.

Ya ce da mai fentin, "Malam, a tsakiyar fili kuma me za a gina?"

Mai fentin bai ko ɗago ba. "Nan hanya ce. Fulotan suna dama da hagu."

"Waɗanne fulotai? Filin wasa ne fa. An zo an duba."

"E, ai shi ya sa. Da cewa aka yi tafki ne, ba mai so. Yanzu an ce ya ginu. Ja tef ɗin sosai, Baba, ya yi sako-sako."

Kuma ya ja. Wallahi ya ja. Ina tsaye a bayan zana da kwanon kunu a hannu, na ga ya ja tef ɗin ya miƙe.

An yi 'yan kai-kawo daga baya. An je gidan kansila, ya ce shi ma daga sama ya ji. An rubuta takarda, ba wanda ya san inda ta kwana. Yau shaguna ne a wurin da gidaje masu bene, samari kuma in suna son ƙwallo sai su hau babur su tafi can bayan gari, inda aka shimfiɗa ciyawar roba aka sa mai tsaron ƙofa. Duk wannan ya wuce mini. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne washegarin ranar awon.

Da sassafe Malam ya ɗauki kwando da shebur, ya ɗaga zana ya fita. Ya nufi gaban ragar da ke ɓangarenmu ya fara haƙa. Na gane ƙasata yake son dawo mini da ita. Ya kusa cika kwandon sai ga wani dattijo da sanda, ashe har an ajiye mai gadi.

"Malam, a bar ƙasar nan. Nan fulotin wani Alhaji ne."

"Ƙasata ce, Baba. Daga tsakar gidana aka ɗebo ta. Ga gidan can, ga inda katangar ta faɗi."

Dattijon ya dubi zanar, ya dube shi. "Allah sarki. Ni dai an ce kada a taɓa ko tsinke. Ka yi mini rai, kada ka ja mini."

Na ɗauka Malam zai yi faɗa. Ni da na kwana da maganganu a bakina, ina jira ya yi in taya shi. Amma sai ya ajiye shebur ɗin. Sannan ya sunkuya ya juye kwandon a cikin ramin. Ya baje ƙasar da tafin hannunsa, ya miƙe, ya sa ƙafarsa mai lafiya ya daddanne ta a hankali, gefe da gefe, yadda Inna ta koya musu, har wurin ya koma daidai, kada ruwa ya samu inda zai kwanta.